Karan da Aka Auna Kakana

Har yau in na ji an karya karan dawa, ƙas, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya muku dalili.

Ina 'yar shekara tara kakana ya faɗo daga amalanken shanu a hanyar dawowa daga kasuwar Ƙofa, ƙeyarsa ta bugi dutse. Ciwon ya warke, gashi ma ya rufe wurin, amma barcinsa bai koma daidai ba. Da dare ido biyu yake kwana, da rana kuwa barci ya ɗauke shi ko da loma a hannu. Barci ne mai nauyi, a kira shi, a jijjiga shi, shiru, numfashin ma sai ka kasa kunne.

Kun san mu ba ma ajiye gawa, da an tabbatar sai wanka sai maƙabarta. Abin da yake tsoro ke nan. Yakan ce da kakata, "Kada ki bari a ɗauke ni sai kin duba da kanki." Dubawarta kuwa ita ce ta ɗora ɗan silin auduga a ƙofar hancinsa. Ni ma ya ja kunnena, "Amarya, in tsohuwar nan ba ta nan, ke ce mai gadina."

Wata rana da marka, kakata ta tafi barka Tudun Wada. An wuni ana yayyafi, gari ya yi sanyi. Maƙwabciyarmu ta kawo masa kunu, ta same shi a miƙe, ta taɓa ƙafarsa ta ji sanyi, sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Kuka kuwa in ya fita ba ya jiran kowa. Kafin a kira la'asar zaure ya cika, an ɗora ruwan wanka a murhu, an lulluɓe shi da zane.

Ina raɓe a bakin ƙofa wani dattijo ya shigo da kara, ya gwada tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya karya, ya miƙa wa masu haƙar kabari. Yarinya ta yi magana a gaban manya? Sai kawai na yago auduga daga tsohon matashi, na kutsa na yaye zanen, na ɗora ta a ƙofar hancinsa.

Baffana ya ce, "Ke, fita nan."

Na ce, "Baffa, don Allah ku duba."

Audugar ta tsaya cik. Na ce a raina shi ke nan. Can sai ta ɗan rausaya, ta sake rausayawa. Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa yana salati.

Sai bayan magariba kakana ya farka, ya ga mutane, ya ce wa ya rasu. Daga ranar bai ƙara kwanciya a ɗaki da rana ba, a zaune yake barcinsa a ƙofar gida inda kowa zai ga ƙirjinsa na motsi. Ya ƙara shekara shida.

Yanzu in ɗan acaɓa ya bugu a ka, ana kai shi asibiti Kano, likita ya ce buguwar ce ke rikita barci, ya ba da magani. Mu ba mu san haka ba. Ni dai har yau in maigidana ya daɗe yana barcin rana, sai in yar da kwano da gangan. In ya tashi yana faɗa, hankalina ya kwanta.