Toader da Gudumar Daji

Toader Hojda maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu. Tun yana saurayi yake gadin dajin da ke saman ƙauyenmu a yankin Maramuresh, can Turai, ban kuma taɓa ganin ya shigo gida da ko reshen da ba nasa ba. Kayan aikinsa guduma ce mai hatimi. Bishiyar da ya buga wa ita an halatta a sare, sauran kuwa taɓa su laifi ne. Har coci yake zuwa da ita cikin jaka, muna yi masa tsiya.

Mutum ɗaya ne ba ya iya ce wa a'a, wato Gavrila Bledea mai injin katako, wanda ya riƙe musu kyandir ranar aurensa da Paraskiva. A wurinmu irin wannan uban aure ya fi mahaifi iko da kai.

Ina gidan Toader ranar da Gavrila ya zo. Ya ci tuwon masara da cuku ya ƙoshi, sannan ya ce, "Ɗana, ara mini gudumar nan zuwa jibi. Wasu 'yan itatuwa ne iska ta kayar."

"Baba, ai ba a ba da aronta."

"Au, yau ni ake karanta wa doka? Da na riƙe maka kyandir, izinin wa na nema?"

Toader ya sunkuyar da kai, ya miƙa masa.

'Yan itatuwan nan ashe gefen dutse ne sukutum, bishiyoyin da suka girmi kakanninmu. Da can, katako in ya tsallake iyaka magana ta mutu. Yanzu masu bincike na ƙasashen Tarayyar Turai bakinsu ɗaya, daga wani ɗakin ajiya a ƙasar Ostiriya suka biyo hatimin har ƙofar Toader. Ban ce dokar ta yi kuskure ba, an cuci dajin. Abin da ke ƙona mini rai, igiyar da ta ratsa ƙasashe wuya ɗaya ta samu, shi ma na wanda bai ci komai ba.

Da aka kai Toader kotu, na roƙe shi ya faɗi gaskiya. Alƙali ma ya ce in ya ambaci wanda ya karɓi gudumar, hukuncinsa zai yi sauƙi. Gavrila na zaune a bencin gaba da sabuwar hula. Toader bai ko dube shi ba.

"Ni na buga, ranka ya daɗe."

Aka ɗaure shi.

Da bikin Ista ya zo, na ga Paraskiva ta fito da burodin da ake kai wa uban aure, lulluɓe da farin ƙyalle. Na ce, "Maƙwabciya, gidan mutumin nan za ki?"

"Toader ne ya aiko daga kurkuku, wai kada a fasa."

Na raka ta don kada ta faɗi a hanya. Gavrila ya karɓa, ya gutsura, ya tauna a hankali.

"'Yata," in ji shi, "bana kin rage man shanu."