Yaya Lawali da Akwatin da Aka Hana Shi Buɗewa

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar yayana Lawali, amma har yau in na hango dogon ƙarfen sabis a hanyar Gummi, shi nake fara tunawa.

Lokacin da wayar hannu ta iso yankinmu, wani kamfanin ƙasar waje ne ya kafa ƙarafan, ya ɗauki Yaya aikin haɗa wayoyi da kula da janareto. Inna takan ce, “Lawali, mi kaka nema bisa ƙarhen ga, kai ba tsuntsu ba?” Sai ya yi dariya.

Abu ɗaya aka hana shi: buɗe akwatin na'urar. In ta lalace, sai injiniyansu ya taso daga Legas.

Wata damina tsawa ta kashe sabis ɗin Bukkuyum, yana can yana gadin akwatin, yana jiran injiniya. A wannan makon ne Baba ya rasu a Anka. Muka yi ta kira, shiru. Kafin ɗan aike ya same shi a babur, an kai Baba makwancinsa.

Bai yi faɗa da kowa ba. Da injiniyan ya iso, Yaya ya ce masa, “Gyaran nan a gabana za ka yi shi, ka faɗa mini sunan kowace waya.” Mutumin ya ji abin da ya faru, ya ja masa kujera. Daga baya shi ya tsaya masa har kamfanin ya tura shi horo. Da ya dawo, ya buɗe ɗan kamfaninsa a Gummi, aka ba su kwangilar gyara. Ciwon hanta ya ɗauke shi ana tsakiyar aikin.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da wasu ƙarafan ke cikin dajin da ba mai iya shiga saboda 'yan bindiga. Zai yi baƙin ciki. Zai kuma yi tsaki in ya ji har yanzu daga waje ake sayo na'urorin, domin burinsa a ƙera su a gida ne.

Kamfanin nasa bai daɗe ba bayansa, amma mutanen da ya koyar suna nan. Kwanan baya na haɗu da ɗaya a Gusau, furfura ta fara fito masa. Ya ce Yaya bai taɓa sallamar kowa ba sai ya ga ya koya wa wani. “Har yau, Hajiya, haka nake yi wa nawa.”

Allah ya jiƙanka, Yaya.