Harawar da na naɗe da rana tsaka

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Ƙofa, ni da maƙwabcina, a bayan wata a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura. Bana ruwa ya ɗauke mana da wuri. Wakena ya ƙone yana cikin fure, gyaɗa ko rassa ba ta yi ba, ga shanun huɗa biyu suna jiran abincin rani. In ban samo harawa ba dole in sayar da ɗaya, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Shi ya sa na nufi Doguwa wajen kawuna.

A Kwanar Ɗangora muka karya da koko da ƙosai. Na yi ƙorafin ƙosan ya ƙanƙance, mai suyar ta ce, "Malam, ku da kuka noma waken za a tambaya." Na biya ta, muka ci gaba da tafiya. Wajen Tudun Wada shinkafar fadama ta tsira, ta tudu kuwa ta tsaya ba ƙwaya. Muna shiga dajin Falgore iska ta yi sanyi, ciyawa ta fi mutum tsayi, har na ji kishi ya taso mini, Allah ya yafe mini.

Kawu ya tarbe mu da tuwon sabuwar masara. Su ruwa ya kai musu, an tsince wake, ganye na nan shar. Ya ba mu lauje ya ce mu yanka iya ƙarfinmu. Muka yanka muka shanya. Da ta bushe ya ce kada a taɓa ta sai da raɓar safe, lokacin ganyen ya yi laushi.

Ni kuwa gaggawa halina ce. Yana tafiya kasuwa na hau naɗi da rana tsaka, maƙwabcina na hana ni ina ce masa ya cika tsoro. Ganye ya dinga kakkaryewa yana zuba, na tara dammunan da ba komai cikinsu sai tsinke. Da Kawu ya dawo, kunya ta sa na ce iska ce.

Ya ɗaga dami ɗaya ya jijjiga. "Ɗana, iskar garinmu ta ƙware, har igiya ta iya ɗaurawa."

Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya, ya miƙo mini tsintsiya da buhu, na ƙarasa yinin ina share ganye. Washegari muka naɗe sauran cikin raɓa, ko ganye ɗaya bai faɗi ba.

Mun dawo mota na rangaji saboda lodi. Na ɗora harawar a kan rufin ɗaki, na duba na ga in aka haɗa da karan dawa za ta kai mu damina. Shanuna biyu sun zauna, alhamdu lillahi. Abin da na koyo shi ne, ruwan sama ba a hannuna yake ba, amma jiran safiya a hannuna yake. Dammunan tsinken nan kuwa na zuba wa babban san, ya shinshina, ya ɗago kai ya dube ni.