Yadda Tiya Deolinda Ta Koyi Babur

Daga bakin kakata na fara jin sunan Deolinda. Duk ranar da kawunaina biyu suka fara cacar baki kan iyakar gonar kofi, sai ta ce, "To, bari in aika a kira Deolinda." Nan take kowa zai nemi wuri ya zauna.

Ita ce 'yar sandan ƙauyenmu a tsaunukan Ainaro. Lokacin yaƙi, tana budurwa, ita ke kai wa mayaƙanmu na daji saƙo a kan ƙaramin doki. Da aka sami 'yanci ta sa kaki, hawan doki dai ba ta daina ba. Ta san wanda ke dukan matarsa, ta san mai akuyar da ke cin masarar mutane.

Sai ƙasashen da ke taimakawa a gyara aikin 'yan sanda suka kawo babura. Aka ce dole kowane ɗan sandan ƙauye ya ci jarrabawar tuƙi cikin wata biyu, wanda ya faɗi a mayar da shi ofis a Dili, babban birninmu. Tiya Deolinda kuwa, wato Goggo Deolinda a yarenmu, ko keke ba ta taɓa hawa ba.

Mutanen ƙauye suka ce ba mai raba su da ita. Kullum da yamma a filin coci maza biyu-biyu na karɓa-karɓa wajen riƙe mata babur tana koyo, mata na kan tabarma da dafaffen rogo suna kallo.

"Mana, ba doki ba ne, daina yi masa magana," in ji Tiyu Abilio, wato Kawu Abilio, mai injin niƙa, yana riƙe da babur ɗin. "Mana" a yarenmu Yaya ke nan.

"Na lura ba ya ji. Halinku ɗaya."

"Birki, Mana. Na ce birki."

Ta bi ta kan ƙafarsa.

Ranar jarrabawa mota guda muka cika zuwa gari. Ta zagaye gwangwanayen da aka jera a hankali ƙwarai, har Baturen da ke dubawa ya kalli agogo sau biyu. Amma ba ta ture ko ɗaya ba, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ya sa hannu. Kakata ta ajiye sandarta ta taka rawa a bakin titi.

Har yau tana ƙauyenmu. Shekarar da na gama sakandare ta tarar da ni ina rubuta tarihin gidanmu a littafi, ta leƙa ta ce, "'Yata, in kin zo kaina, ki sa sunan duk wanda ya riƙe min babur ɗin nan. Su goma sha ɗaya ne. Ki fara da Abilio."