Dattijon da Ya Sayi Kilina Biyu

A kantin Okwudili da ke Funtuwa, Maiwada mai zanen motoci yana jiran fenti, idonsa na kan wani dattijo. Da gani manomi ne, ga kaushi a ƙafa, ga burbushin auduga a hula. Yana jujjuya fensir kamar ya riƙe ƙwai.

"Baba, ɗauki kala mai ruwa, ta fi kyau," in ji Okwudili.

"A'a, ba ni wanda ake gogewa. Yau zan fara, ɓatawa zan yi ta yi."

Har da dariyarsa! Abin ya tsaya wa Maiwada a rai. Shekara ashirin yana zana zaki ɗaya a bayan manyan motoci, in ya kuskure direba ya zage shi tas. Wannan kuwa, ko jikansa zai zana ko shanunsa, oho. Kilina har biyu ya saya, shi Maiwada bai taɓa mallakar ko ɗaya ba.