Jan Biron Inna

Innata ba ta iya karanta littafi baki a rufe ba. In ta zauna da labari sai ka rantse baƙi ta yi a ɗaki: ta yi wa wannan tsaki, ta ja wa wancan kunne, ta ce wa wata, "Ke dai ba ki da wayo." In bakin ya gaji sai ta zaro jan biron da take rubuta awon mutane da shi, wanda kullum yake maƙale a bayan kunnenta, ta ci gaba da faɗan a gefen shafi. Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa. A ƙarƙashin teburin akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ba ta yarda kowa ya buɗe.

Ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ba ta taɓa shirin zama uwa ba. Takan ce a lokacin ko kyanwa aka ba ta riƙo sai ta ɓata. Mahaifiyata ta rasu ina da wata biyu, aka miƙa mata ni a cikin tawul. Da ni a baya ta riƙa taka keke, shi ya sa har yau in na ji ƙarar keken ɗinki barci ke ɗibata. Dalilin da ya sa ban gaji sana'ar ba ke nan, ko da yake ita ta fi yarda cewa lalaci ne.

Littattafan daga wurin Mai Haya take karɓowa, wani dattijo mai rumfa a kwanar layinmu, wanda yake yi wa kowane littafi riga da takardar jarida. Ya yi faɗa da Inna a kan rubutun nan har ya gaji. In saurayin labari ya fara daɗin baki, za ka ga ja a gefe: "Gudu, yarinya." In abin ya ɓaci bayan shafi hamsin: "Ai na faɗa miki." In marubuci ya zaƙe wajen bayanin kwalliyar amarya: "Wannan rigar ba za ta ɗinku ba." Ana nan sai dattijon ya lura mutane suna zuwa suna tambayar wanda Tela ta riga ta karanta. Daga ranar ya riƙa ba ta sabon littafi kafin kowa, yana kawar da kai kamar bai san abin da za ta yi masa ba.

Mutum ɗaya ce a duniya Inna ba ta faɗa da ita, ko da baki ko da biro, ita ce aminiyarta ta da, wadda kowa ke kira Nas. Benci ɗaya suka zauna tun ajin farko, kuma an ce a da in ka ga ɗaya ba sai ka tambayi ina ɗayar take ba. Nas tana aiki a asibitin da mahaifiyata ta kwanta. Ta san ciwon ba na tashi ba ne, ta sani tun da sauran makonni, amma ba ta gaya wa Inna ba. Inna ta tafi wani gari saro yadi hankalinta kwance, ta yi kwana uku, ta dawo ta tarar an gama komai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dai daina yi wa Nas magana, shekara ashirin da uku. Layi uku ne kawai tsakanin gidajenmu. In suka yi kiciɓis a hanya, nan take Inna kan gano wani abin kallo a jikin katanga.

Sai ga littafin nan mai koren bango. Labarin wata malamar makaranta ne da aminiyarta. Wasiƙa ta zo ana kiran malamar ƙaro karatu a nesa, aminiyar ta karɓa ta ɓoye, don kada a tafi a bar ta. Bayan shekaru asiri ya tonu, suka rabu baram-baram. Can gaba aminiyar ta rasu wajen haihuwa, ta bar wasiyya cewa malamar nan za a ba jaririn, matar da ba ta taɓa riƙe jariri ba.

Littafin ya hargitsa mana unguwa. Matar mai kemis ta mayar da shi a rabi, ta ce ita hawan jini gare ta. Bayan kwana biyu ta koma ta karɓo. Wani direban bas ya karanta shi a tasha yana jiran layi, aka gan shi yana share ido, ya ce hayaƙin mota ne. Akwai wani mai fensir da har yau ba a gano ko wane ne ba, wanda ya rubuta "Kai, duniya" a ƙarshen kowane babi, har da babin da ba abin da ya faru sai wanki.

Inna kuwa ta zuba ja son ranta. Inda malamar ke kokawa da kunzugun jariri ta rubuta, "Ba haka ake naɗawa ba, ni ma sai da na ɓata goma." Inda yaron ya fara kiranta uwa ba ta rubuta komai ba, sai dai takardar ta ɗan tattare a wuri ɗaya kamar ruwa ya ɗiga. A shafin ɓoye wasiƙar ne ta danna biron sosai: "Wadda ta ɓoye miki magana ba aminiya ba ce. Da ni ce ke, ko gaisuwa ba za ta haɗa mu ba."

Bayan mako biyu Mai Haya ya tare ta a hanya, yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya, ya ce an ba ta amsa. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin yin haka. Ta karɓo littafin ta buɗe a kan teburin yanka. A ƙarƙashin jan rubutunta ga shuɗi, an danne biron har ya fito ta baya: "Kin ji ta bakinta kafin ki yanke hukunci?"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce wata marar aikin yi ce. Ni kuwa na san hannun, na Nas ne. Yana nan a jikin katin rigakafina na yarinta, wanda Inna ta adana a leda. In ni na gane shi, to wadda ta yi shekara shida tana leƙa shi a aji ba za ta ce ta manta ba.

Ta amsa, mana. Ta rubuta cewa mai laifi ba ta rasa baki. Ta mayar da littafin, bayan kwana uku shuɗin ya dawo yana cewa mai fushi ma ba ta cika samun kunne ba. Haka aka fara. Rumfar Mai Haya ta koma gidan waya, shi kuma ya zama mai rabon wasiƙa, yana yi da wata irin natsuwa kamar an naɗa shi muƙami. A bakinsu duk a kan malama da aminiyarta ake gardama. Ja ya ce malamar ta yi daidai da ta ƙi zuwa dubiya. Shuɗi ya ce ai ga ta nan a babi na sha biyu tana cizon yatsa. Ja ya ce marubucin ne ya sa ta, ba don ranta ya so ba.

Masu karatu suka daina bin labarin, gefe kawai suke bi. Unguwa ta rabu biyu, 'yan ja da 'yan shuɗi. Direba ɗan shuɗi ne na gani-kashe-ni. Matar mai kemis tana ja da safe, shuɗi da yamma, gwargwadon wanda ta haɗu da shi. A shagon Inna na ga mata biyu suna musu a gaban madubi, kowacce da fil-fil a jikin rigar gwaji, ba mai iya ɗaga hannu sosai don tsoron suka. Inna tana jinsu, bakinta cike da fil, fuskarta kamar ba ta san zancen ba. Amma ni da nake kwana gida ɗaya da ita na ga yadda take leƙen kwanar layi tun da safe. Rabon da in ga tana ɗokin wani abu haka har na manta.

Wata uku ana wannan. Sai wata rana direba ya karɓi littafin, bai kai minti goma ba ya dawo da shi, ya ajiye ya juya. Mai Haya ya duba, bai sake ba kowa shi ba. Ya naɗe shi a jarida ya kawo shago da kansa. A shafin da aminiyar ta rasu, shuɗin ya cika gefe har ya gangara ƙasa:

"Yayarki ta kama hannuna ta ce kada in gaya miki. Ta ce in kin sani za ki rufe shago ki zauna kina kallonta tana ƙarewa, ita kuma so take ta tafi da dariyarki a kunne. Na yi mata alkawari. Ban daina nadama ba, amma ko yau ne ban san yadda zan ce mata a'a ba."

Babu mai yaya a cikin littafin nan, kowa ya sani. Mai Haya ya yi gyaran murya, ya ce shi dai abu biyu ya zo faɗa. Na farko, gefen shafuka ya ƙare kaf, sai farar takarda ɗaya a ƙarshe, ɗinkin littafin ma ya saki, ba zai sake zagaye ba. Na biyu, Nas ta yi ritaya, ɗanta zai zo ƙarshen wata ya tafi da ita garin da yake aiki. Ya faɗi haka yana kallon madubi, sannan ya fita.

Littafin ya yi kwana tara a kan tebur. Gidan ya yi tsit, ba tsaki, ba jan kunne. Inna ta ɗinka wa wata hannun riga a juye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta farke tana yi wa zare faɗa. Na ji tausayinta ƙwarai, kuma na ji haushinta. A rana ta tara, muna shan shayi da safe, na kasa haƙuri.

"Inna, ni ba ni da wata uwa da ta wuce ke. Amma Nas kaɗai ce ta ji maganar mahaifiyata ta ƙarshe, kuma ina so in ji."

"Ke kuma wa ya sa da ke?" in ji ta.

Amma ta ajiye kofin. Da muka je shago ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta jawo akwatin ƙarfen nan ta buɗe a gabana. Ni da na yi shekaru ina zaton zinariya ce a ciki, sai na ga yadi, shuɗi mai ƙananan furanni, a ninke, da 'yar takarda an maƙala da fil wanda ya yi tsatsa. Nas ce ta kawo ɗinki ana saura mako ɗaya waccan tafiyar ta saro yadi. Inna ba ta yanka ba, ba ta kuma mayar ba.

Ta buɗe farar takardar ƙarshe. Na zaci za ta yi dogon jawabi, don ba ta saba rasa abin faɗa ba. Sai ta kwafe abin da ke jikin 'yar takardar: kafaɗa sha biyar, ƙirji talatin da shida, ƙugu talatin, da hannu, da tsawo. A ƙasa ta ƙara layi biyu: "Awon shekara ashirin da uku ne. Na ga kin yi ƙiba, ni kuma ba na yanka yadi a kan tsohon awo."

Na ce mata wannan ai zagi ne. Ta ce in kai wa Mai Haya, in ba zan kai ba ta kai da kanta.

Kwana biyu shiru. Inna ta share shagon sau huɗu, ta goge madubi har da tsagar. A rana ta uku da hantsi wata inuwa ta tare ƙofa. Nas ce, da tabarau, da furfura a gefen ɗankwali, ta rungume littafin a ƙirji don kada shafukan su zube. Ta yi sallama da wata 'yar siririyar murya. Inna ta amsa ba ta ɗago ba, ta ƙarasa layin da take ɗinkawa, ta datse zare. Sannan ta miƙe, ta ciro tef daga wuyanta, ta miƙo mini jan biron.

"Ɗaga hannu," ta ce.

Nas ta ajiye littafin ta ɗaga. In tela za ta auna ƙugu, dole ta zagaya hannuwanta biyu ta bayan mutum ta kamo tef ɗin. Na ga Inna ta yi haka sau dubu, ba ya ɗaukarta ƙiftawar ido. Ranar na tsaya da biro a kan takarda ina jiran lamba, har bas biyu suka wuce. Hannuwan Nas da ke sama suka sauko a hankali suka sauka a bayan Inna.

Can na ji muryar Inna a toshe, daga cikin kafaɗar Nas.

"Rubuta arba'in da biyu."

"Arba'in ne," in ji Nas, tana jan hanci.

"Arba'in da biyu. Kada ki fara."

Nas ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube ni sosai. Ta ce goshin mahaifiyata na ɗauko, kuma akwai saƙona a wurinta tun ina cikin tawul, in na shirya ji. Sannan ta juya ta ce a daure a gama mata rigar da wuri, don ƙarshen wata za ta tafi.

Inna, wadda ba ta taɓa wuce kwana uku a kan riga ba, ta ninke yadin ta ɗora a can ƙarshen tebur.

"Ba za ta samu wannan watan ba," ta ce. "Sai kin zo gwaji sau huɗu, ko biyar. Ki gaya wa yaron ya jira."