Mama Rifkatu ta tafi, katafila na bakin tsohuwar coci

Yanzun nan na ajiye waya. Mama Rifkatu ta rasu da safen nan.

Ita ta koya mana katikizim, wato karatun addini, muna yara, a tsohuwar cocinmu ta Katolika, ta jar ƙasar nan da sabbin gidaje suka zagaye. In ka zo da yunwa, sai ta kwance bakin zane ta miƙo maka gyaɗa kafin a fara.

Tana budurwa aka gina cocin, ana gab da samun mulkin kai. Lokacin unguwar daji ce, sai rugar Fulani daga gabas. Su 'yan mata ke ɗebo ruwa daga rafi, maza na kwaɓa ƙasa suna tubali.

Na taɓa tambayarta me ya sa bangon ya yi kauri haka, tagogin kuma ƙanana can sama.

Ta ce, "Tsoro, 'yata. Ana ta raɗe-raɗin in Turawa suka tafi, za a kore mu, mu Kiristoci."

Ranar 'yancin kai su Mama suka shige cikin cocin suka sa sakata. Ko waƙa ba a yi ba. Can sai ga takun mutane, aka buga ƙofa. Fada, limamin cocin, ya buɗe, ashe matan rugar ne da ƙoren nono a ka, sun zo taya murna. Mama ta ce da ƙyar ta iya haɗiyar nonon don kuka.

Lahadin da ta wuce na same ta bayan sujadar Mas, zaune a gindin bangon, ta ɗora tafinta kan tsagar da ta taso daga ƙasa har taga. Kwamitin cocin ya riga ya yanke shawarar rushe ginin, jama'a sun yi yawa, za a yi babba mai hasumiya.

Na ce, "Mama, tashi in sa ki a keke, hadari na haɗuwa."

Ta ce, "Bar ni tukuna. Ni da ginin nan ban san wa zai riga wani ba."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka, ka ba ta hutun da ba ya ƙarewa, haskenka ya sauka a kanta.

'Yan uwa, ku yi mata addu'ar "A gaishe ki Maryamu" ko guda. Abokaina Musulmi, ku ma ku sa ta a addu'a, kakanninku ne suka buga mata ƙofa da alheri.